Mota ta Uku a Ranar Buɗe Gada

Litinin, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti, ya fama da marasa lafiya? Ya ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Kin san Baba, idonsa ne ya yi rauni, kunnensa kuwa ƙaruwa yake yi. Ko na rufe ɗaki na yi ƙasa da murya, ina fitowa zai tambaye ni me ya sa na ce miki ba ya cin abinci. Maganar da nake so mu yi kuwa ba na son ya ji tukuna.

Da farko, batun idon. Na sake kai shi wajen likita, ya ce yanar ta nuna, aikin ba zai wuce minti ashirin ba a kowane ido. Baba ya saurare shi tsaf, ya yi masa godiya, muna fitowa ya ce ba za a yi ba. Wai shekara tamanin da uku yana kallon duniya, bai ga abin da ya rage masa ba. Yanzu wuni yake a kujerar bakin taga, rediyo a cinya, ko kunna shi ba ya yi. Mutumin da ya yi shekara hamsin da guduma a hannu yana gyaran bodin motoci, yau kofin shayi ma lalube yake yi. Abin yana ci mini rai, Yaya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. A makon jiya aka kawo mana gwangwanaye arba'in da ɗaya a wajen aikinmu na adana tsofaffin fina-finai. Na wani mai ɗaukar hoto ne da ya rasu, 'ya'yansa suna share ɗakinsa suka same su, saura kaɗan su zubar. Wasu fayafayan fim ɗin da ke ciki sun narke sun manne, in an buɗe sai warin tsami ya bugi hanci. Waɗanda suka tsira ni aka ba, ina goge su da safar hannu, ina ɗinke inda suka tsinke, ina juya su cikin kwamfuta. A jikin wani gwangwani an rubuta "Buɗe gada" da fensir. Fim ne na minti huɗu, baƙi da fari, ba murya, ya kusa shekara sittin. Ga jama'a maƙil, ga 'yan sanda da fararen safar hannu, sai jerin gwanon motoci ya shigo. A gaba wata doguwar baƙar mota ce, tagoginta uku a gefe, tana sheƙi kamar an shafa mata mai.

Wallahi nan take na tsayar da fim ɗin. Na san kin gane abin da ya zo mini. Labarin Baba na cewa shi da abokinsa Kafinta sun taɓa ƙera wa wani mai masaƙa doguwar mota da hannunsu, har aka are ta ranar buɗe gada. Labarin da ya sa yaran layinmu suke kiransa Baba Doguwa, mu kuma 'ya'yan Doguwa. Kin tuna yadda muke canza hanya in za mu makaranta don kada mu bi ta gaban shagon aski, inda ake tsokanarmu? Ni dai tun ina ƙarama na ajiye labarin a cikin abubuwan da tsofaffi ke faɗa don su ji daɗin bakinsu. Ba hoto, ba takarda, garejin ya ƙone tun kafin a haife mu, Kafinta ya rasu.

Ban gaya masa ba. Ina tsoron in tayar masa da rai a banza, ina kuma tsoron in yi shiru. Ki ba ni shawara, ke ce babba.

Ki gaida maigidan da yara, ki ce wa ƙaramar ina sane da alkawarin littafinta.

Ƙanwarki,
Auta


Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ya yara da makaranta? Ya jikin surukarki, an sallame ta? Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa.

Amsarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Kin ce in bar tsoho ya huta, kada in tono abin da ya kwanta. Ki yi haƙuri, na nemi shawara kuma na ƙi bi, halin auta ne. Jiya Asabar da safe na kai shi ofis.

Ban ce masa komai ba sai cewa ya raka ni ya sha iska. Muna da wani ɗaki na kallo, kujeru goma sha biyu da farin bango. Na zaunar da shi, na kashe fitila, na kunna majigi. Daga kujerar ba ya ganin komai sai haske, don haka na kama hannunsa na tsayar da shi kusa da bango, har inuwar kansa tana fitowa a cikin fim. Da motar gaba ta shigo na tsayar da hoton, ta cika bangon. Ya daɗe yana kallo, yana bin layin rufinta da yatsa.

Sai ya ce, "Mota ce mai kyau. Amma ba tawa ba ce."

Ya ce wannan daga waje aka kawo ta a haɗe, rufinta a miƙe yake kamar tebur, tasu kuwa rufin yana ɗan tasowa ta baya saboda mai ita dogo ne. Ya faɗa ba tare da damuwa ba, ya juya yana laluben sandarsa.

Yaya, abin ya taɓa ni, amma ba don ba ita ba ce. Na yi tunani ne: ga mutum shekara da shekaru ana yi masa dariya, yau an kawo masa mota a bango, ido ba ya gani sosai, ba mai ƙaryata shi, da ya ce ita ce shi ke nan. Ya ce ba ita ba ce. A wannan lokacin na fara jin kunyar kaina.

Na saki fim ɗin ya ci gaba don in kai ƙarshe in kashe. Mota ta biyu ta wuce, ƙarama. Ta uku tana shigowa ya ɗaga sanda ya ce in tsaya. Ni ko lura da ita ban yi ba a duk kallon da na yi, don daƙiƙa uku kawai ta yi, rabinta ma kan wani ɗan sanda ya tare. Na dawo da ita baya, na tsayar. Doguwa ce ita ma, amma ba baƙa wuluk ba, kuma rufin ya taso ta baya kamar yadda ya faɗa. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bango. Ya sa na maimaita ta sau tara, na ƙirga. Ina jin numfashinsa ya canza.

Na tambaye shi ko ita ce. Ya ce ba zai rantse ba. Wai tsayuwarta irin tata ce, amma mai hoton ta dama ya ɗauke ta, shi kuwa shaidarsa a ƙofar hagu take. Sannan abin da yake gani duk hazo ne, ba zai ɗora sunansa da na Kafinta a kan hazo ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sai da muka tsaya a danja ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, ko likitan nan yana aiki ran Litinin. Na ce yana yi. Ya ce to, in je in karɓo rana, amma ido ɗaya za a fara, in sun lalata shi ya rage saura.

Da muka iso gida ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Ki yi mana addu'a. A gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta


Alhamis, 6 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya. Ya gajiyar aiki? Na ji daɗin jin an sauya miki sashe, ko ƙafar za ta samu hutu. Baba yana lafiya, an sa ranar aikin idon, goma sha bakwai ga wata.

Shugabarmu ta haɗa ni da wani dattijo da ke kula da ɗakin tsofaffin motoci a gidan tarihi. Ƙamus ake ce masa, don in ka nuna masa fitilar mota zai gaya maka shekarar da aka yi ta. Ofishinsa littattafai ne har rufi, kujerar baƙi ma sai da ya sauke mujallu na samu wajen zama. Ya kalli hoton motar da gilashin ƙara girma, ya yi mini bayanin abin da ban sani ba. A wancan zamanin, masu hali ba sa sayen irin wannan mota a haɗe. Injin da tayoyi da ƙarfen da suke zaune a kai ake saya daga kamfani, sai a kai wa maƙeran bodi su gina mata jiki yadda mai ita yake so: kafinta ya yi ƙashin da katako, maƙeri ya lulluɓe shi da ƙarfe, mai ɗinki ya yi kujeru. Shi ya sa mota ɗaya take da iyaye biyu, in ji shi. Kamfanin da ya yi injin ya gane shi nan take daga hancinta. Wanda ya yi jikin ne abin tambaya.

Ashe ya san motar. Akwai hotonta guda ɗaya a wata tsohuwar jarida, ta gaba, kuma a littafin da ya rubuta ya ce aikin wasu maƙera ne na ƙasar waje. Da na ce ai mahaifina ya ce shi ya yi ta, sai ya cire tabarau ya dube ni da tausayi. Ya ce ni ce ta huɗu da ta zo masa da irin wannan magana a rayuwarsa, kowane tsohon bakanike yana da motar da ya ƙera a bakinsa. Raina ya ɓaci, amma na daure, don ni ma shekara talatin abin da nake faɗa ke nan a zuciyata.

Sai dai mutumin yana da adalci. Ya ce a yi abin a tsare. Kafin a ga gefen hagu, in ma akwai shi a wani faifan, Baba ya faɗi duk abin da ya sani game da wannan gefen, a rubuta, a rufe a ambulan, kada gobe a ce gani ya yi sannan ya faɗa. Shekaranjiya Ƙamus ya zo gidanmu da kansa. Da farko zaman ba daɗi, kowa yana auna ɗan'uwansa. Baba ya lissafa abu biyar. Ƙofar baya ta hagu ta fi ta dama faɗi da yatsa huɗu, saboda mahaifiyar mai motar ƙafarta ba ta lanƙwasuwa, ta nan take shiga. Maratayan wannan ƙofa, wato ƙarafan da take juyawa a kansu, uku ne, na dama biyu. A ƙasanta akwai matakin da ake naɗewa. Hannun buɗe ta an sauke shi ƙasa kaɗan. Na biyar, labulen tagar kore ne. Ƙamus ya ce fim ɗin baƙi da fari ne, Baba ya ce wannan matsalar mai hoto ce, shi dai a rubuta. Nan suka yi dariya, daga nan kuma hira ta ɓarke a kan yadda ake lanƙwasa ƙarfe a kan buhun yashi. Shayi uku na dafa musu.

Yanzu sauran gwangwanayen nake bi ɗaya bayan ɗaya, saura goma sha tara.

Yaya, a ƙarshen wasiƙarki kin tambaye ni ko Baba yana ambaton abin da ya faru ranar da dangin maigidanki suka fara zuwa gidanmu. Ba ya ambata. Amma tunda ke kika buɗe maganar, bari in faɗi nawa. Ina bakin ƙofa ranar, na ga lokacin da ya fara labarin motar, na ga kawun maigidanki yana danne dariya, na ji kin ce masa ya isa haka. Na kuma ji abin da kika faɗa masa a kicin bayan sun tafi, cewa ya daina ba mu kunya da ƙarya. Shekara ashirin da biyu ke nan bai sake ba da labarin ba, ko a gabana. Ba ina ɗora miki laifi ba ne. Ke kika faɗa, amma ni ma daɗi na ji da kika faɗa. Ke kika riƙe ni tun Inna ta rasu ina shekara uku kina tara, na san nauyin da kika ɗauka da irin gorin da kika sha a kanmu. Abin da kawai nake so ki sani shi ne duk ranar da za ki kira, tun safe yake sa in caja masa waya.

Ki huta lafiya. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta


Juma'a, 28 ga Maris

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara, da fatan duk kuna lafiya. Na gode da kiran da kika yi ta yi ranar aikin. Kamar yadda na gaya miki, idon dama ya yi kyau. Abin da ya fara faɗa da aka cire bandeji shi ne ashe na yi furfura, kuma labulen falonmu ba shi da kyau. Ki ga sakayya.

Yanzu ki zauna, labarin da tsawo.

Na same ta. A gwangwani na talatin da shida, wanda aka rubuta wa "Titin shaguna", ba wanda zai ce yana da alaƙa da gada. Ashe bayan an gama taron, mai hoton ya hau wani bene ya ɗauki motocin suna komawa. Da na ga ta ukun ta shigo na kusa yin kuka, don a nan ma gefen dama ta ba shi. Na kalla sau uku, har na miƙa hannu zan kashe, sai idona ya kai bayan motar. A ɗaya gefen titin akwai wani shagon agogo mai babban gilashi, kuma da yake daga sama aka ɗauka, ana hango gilashin ta saman rufinta. Tana wucewa, gefenta na hagu ya fito a cikinsa kamar a madubi. Bai kai daƙiƙa ɗaya ba, hoto goma sha bakwai kacal, shida ne a ciki masu kyau. Kwana huɗu na yi ina goge su a kwamfuta, ɗigo ɗigo, ba tare da na ƙara ko layi ɗaya da babu shi ba.

Ran Laraba muka taru a ɗakin kallo, ni da Baba da Ƙamus da shugabarmu. Ƙamus ya zo da ambulan a aljihu da littafin kamfanin da ke nuna faɗin tayar motar, don da taya za a auna ƙofa. Ya buɗe ambulan ya karanta, sannan na haska hoton. Maratayai uku, ga su nan ɓaro-ɓaro. Matakin yana naɗe a ƙasa. Ƙamus ya ɗauki ma'auni ya auna taya, ya auna ƙofar dama a hoton farko, ya auna ta hagu, ya yi lissafi a bayan ambulan, ya sake yi. Ta hagu ta fi faɗi, kusan daidai da abin da Baba ya faɗa. Hannun ƙofar ne bai fito ba, harafin sunan shagon ya rufe shi. Labule kuwa akwai shi, kalarsa sai Allah.

Ƙamus ya ajiye ma'aunin, ya tashi ya je gaban Baba ya miƙa masa hannu biyu. Ya ce, "Maigida, na yi kuskure a littafina, shafi na ɗari da sha biyu. Zan gyara da hannuna." Ya tambayi sunan kamfaninsu. Baba ya ce ba su da wani suna, allon ƙofar garejin "Gyaran Bodi" kawai ya ce. In za a rubuta, a fara da sunan Kafinta, don katako ake fara yi kafin ƙarfe, kuma shi ya zana ta.

Na ɗauka zai yi murna ko ya yi gori. Bai yi ba. Wannan karon a kujera ya zauna yana kallo da sabon idonsa, ya ce in ƙara girman tagar baya. Ya daɗe yana kallon labulen. Sai ya ce a rubuta suna na uku, na wadda ta ɗinka shi da kujerun.

Yaya, Inna ce.

Ashe 'yar mai ɗinkin kujeru ce da ke bayan garejinsu. Mahaifinta ya kwanta ciwo ana tsakiyar aikin, ita ta karɓa ta ƙarasa, tana da shekara goma sha tara. Sau biyu ta sa Baba ya kwance kujerar baya don ta ce a karkace take, shi yana musu, aka auna aka ga ita ke da gaskiya. Ya ce tun yana jin haushinta har ya koma neman dalilin da zai sa ta zo ta duba aiki. Ranar da aka gama motar, mai ita ya ce duk wanda ya sa hannu a shiga a zagaya da shi. Shi da ita suka zauna a baya, Kafinta a gaba kusa da direba yana ta yin tari da gangan. A wannan zagayen ya tambaye ta ko zai iya zuwa ya gaida mahaifinta.

Na ce masa me ya sa bai taɓa gaya mana ba. Ya ce tun da ta rasu, in ya kawo wajen kujeru sai ya kasa ci gaba, ya tsaya, mutane su ɗauka ƙaryar ce ta ƙare. Mu kuma, in ji shi, ba mu taɓa zama har a kai wajen ba. Bai faɗa da zafi ba, yana murmushi ma. Ni dai fita na yi zuwa banɗaki na wanke fuska.

Ban san fuskar Inna ba sai a hoton nan ɗaya. Yanzu ina da labulen da hannunta ya ɗinka, na buga shi a takarda, ga kwafi ɗaya nan na sa miki a ciki.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Auta


Talata, 15 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya shirye-shiryen tafiya? Na ji daɗi da aka ba ki hutun. Kada ki damu da wajen kwana, na kwashe kwalayen ɗakinki na da, yara kuma za su kwana a nawa.

An yi ido na biyu, shi ma lafiya. Yanzu Baba ba ya zama. Ya sa na fito masa da akwatin gudumominsa daga ƙarƙashin gado, yana goge su da mai a tsakar gida, don Ƙamus ya roƙe shi ya nuna wa ɗalibai yadda ake lanƙwasa ƙarfe da hannu. Likita ya ce ba dukan ƙarfe sai bayan wata biyu da tabarau na kariya, suna nan suna ciniki a kai.

Gidan tarihi za su haska fim ɗin ranar uku ga watan gobe da hantsi, da allo mai sunaye uku. Mun nemo 'yar Kafinta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Da na kira ta sai ta ce su ma a gidansu dariya suke yi wa labarin. Za ta zo da jikokinta. Ita kanta motar ba a san inda ta ƙare ba, Ƙamus ya aika wasiƙu wurare uku. Baba ya ce ko ba a same ta ba, shi ya gan ta.

Wasiƙar da kika rubuto masa ta iso ran Asabar. Na ce in karanta masa, ya ce ai yanzu yana da ido. Ya shiga ɗaki da ita ya turo ƙofa, ya fi awa ɗaya. Ban san me kika rubuta ba, ban kuma tambaya ba. Da ya fito ya nemi biro da takarda, ya zauna a teburin cin abinci yana rubutu a hankali, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Ita ce wannan ƙaramar da ke naɗe a cikin tawa. Shi ya liƙe ta da kansa.

Da yake miƙo mini ita na tambaye shi ko akwai saƙon baki. Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Ki ce mata ta zo da yaran duka, har maigidan. Daga farko zan fara, kuma ba mai tashi sai na kai ƙarshe."

Ki sanar da ni lokacin da jirginku zai iso, mu biyu za mu zo tarbarku. Ya ce a gaba zai zauna, yana so ya ga hanya.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki,
Auta